WAYAR ISKA TA CIKIN GIDA: YADDA AKE KAFA TA DA YADDA AKE GYARA TA

Bayani zuwa ga Hakimai da Malaman Hakimai

1. DALILIN WANNAN ƊAN LITTAFI

A zamanin iyayenmu in takarda ta fito daga fadar Sarki zuwa ga Hakimi, ɗan aike ne yakan ɗauko ta bisa doki ko keke, wani lokaci har ya kwana a hanya. Yau kuwa takardu da yawa da ke kai da kawowa tsakanin Hakimi da Majalisar Sarki, da Ƙaramar Hukuma, da ma'aikatun Gwamnati, ta intanet suke bi. Kiran taro, da sanarwar allurar rigakafi, da rahoton ambaliya ko na rikicin manoma da makiyaya, duk ta nan suke wucewa. Saboda haka gidan Hakimin da intanet ya tsaya masa ya zama kamar garin da gadarsa ta karye da damina, labari ba ya shiga, ba ya fita.

Hakimai da dama sun riga sun sayi akwatin nan mai rarraba intanet cikin gida ba tare da an ja waya ba. Amma koke-koke suna da yawa. Wani ya ce a zaure yana kamawa, a turaka ba ya kamawa. Wani ya ce datar wata guda ta ƙare cikin mako ɗaya. Wani kuma ya kira mai gyara daga birni, ya biya kuɗin mota da na aiki, alhali kuwa abin da ya lalace bai wuce caja ba. An shirya wannan ɗan littafi ne domin Malamin Hakimi ya iya kafa akwatin da hannunsa, ya tsare shi daga masu kutse, in kuma ya ƙi aiki ya san inda zai fara dubawa.

2. MENE NE WAIFAI?

Dattawa sun san rediyo da sunan wayar iska. To, waifai ma wayar iska ce, sai dai ƙarama, wadda ikonta bai cika wuce gida ɗaya ba. Akwatin da ke watsa ta ana kiransa rauta. Gidan rediyo magana kawai yake yi, mai sauraro ba shi da halin mayar masa da jawabi. Rauta kuwa yana aikawa, yana kuma karɓa daga kowace wayar hannu ko kwamfuta da aka haɗa da shi. Ƙarfin da yake watsawa da shi bai kai wat guda ba, alhali babbar tashar rediyo tana aiki da dubban wat. Wannan shi ne dalilin da ya sa bango biyu ko uku sukan isa su raunana shi.

Wata ƙungiyar injiniyoyi mai mazauni a Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da IEEE, ita ce ta fitar da ƙa'idar farko ta wannan aiki a 1997, mai lamba 802.11, saurinta kuwa bai wuce megabit 2 cikin sakan ɗaya ba. A 1999 aka kai megabit 11, a wannan shekara kuma aka raɗa sunan Wi-Fi, wanda muke faɗa waifai. A 2003 aka fitar da wata ƙa'ida mai megabit 54. Daga baya aka shiga ba su lamba domin sauƙin ganewa: Wi-Fi 4 ƙa'idar 2009 ce, Wi-Fi 5 ta 2013, Wi-Fi 6 ya shigo kasuwa wajen 2019. Mai saye ya duba bisa kwali. Na 5 ko na 6 ya ishi gidan Hakimi, kuma sabon akwati yana aiki da tsofaffin wayoyi.

Akwai magana guda wadda ya kamata kowane Malami ya riƙe ta da kyau, gama duk gyaran da za a bayyana nan gaba a kanta ya dogara. Intanet yana isowa hannun mutum ne ta zango biyu. Zango na fari daga kamfani zuwa akwati. Zango na biyu daga akwati zuwa wayar hannu ko kwamfuta, wannan kaɗai shi ne waifai. Ku dubi ruwan famfo. Gidan ruwa yana turo ruwa ta babban bututu zuwa ƙofar gida, sa'an nan ƙananan bututu su rarraba shi cikin gida. Ran da gidan ruwa bai turo ba, ko da ƙananan bututun lafiyarsu lau, famfo a bushe za a same shi. Haka nan alamar nan mai kama da mafici da ke fitowa bisa fuskar waya, in ta cika, abin da take nunawa kawai shi ne waya tana jin akwati sosai. Ba ta ba da shaidar cewa kamfani yana turo intanet.

3. HANYOYIN DA INTANET KE SHIGOWA GIDA

Hanyoyi uku ne aka fi sani.

Ta fari ita ce ta layin waya. Tun 2001 da aka fara wayar hannu ta GSM a Nijeriya, kamfanoni irin su MTN da Airtel da Glo suka yi ta kafa ƙarafan sabis a garuruwa da ƙauyuka. Akwai rauta da ake sa masa katin layi kamar yadda ake sa wa waya, ya jawo intanet daga ƙarfen sabis, ya rarraba cikin gida. Yawancinsu da 4G suke aiki. An fara 5G a 2022, amma a manyan birane ya fi samuwa. Wannan hanya ita ta fi dacewa da yawancin gundumomi, a kanta kuma wannan bayani ya fi ƙarfi. Akwai ƙaramin irinsa na aljihu mai batir, wanda ake kira maifai. Yana da amfani wajen rangadi, amma ba ya kai nesa, ba ya kuma ɗaukar wayoyi da yawa.

Ta biyu ita ce wayar faiba, watau siririn zaren gilashi da ake jawowa har cikin gida. Ta fi sauri, ta fi tabbata, sai dai ba ta isa ko'ina ba.

Ta uku ita ce ta tauraron ɗan'adam. Kamfanin Starlink ya fara aiki a Nijeriya a 2023. Ana kafa faranti a wurin da yake ganin sama sarai, ba itace ko gini da ya tare shi. Tana amfani inda sabis ba ya kaiwa, amma kuɗin kayanta da na wata-wata sun fi na sauran nauyi.

Kafin a fitar da ko kwabo, Malam ya ari wayoyi masu layin kamfanoni dabam dabam, ya gwada su a cikin gidan da safe, da rana, da kuma bayan faɗuwar rana, gama da dare ne mutane suka fi yawa bisa ƙarfen sabis, sauri kuma yakan ragu. Layin da ya fi ƙarfi a wannan gida shi za a saya, ba wanda ya fi suna a birni ba. A tambayi mai sayarwa kuma ko akwatin a kulle yake, domin wanda kamfani ya sayar da tambarinsa sau da yawa ba ya karɓar layin wani kamfani.

Tun watan Disamba na shekarar 2020 da aka ba da umarni, tilas ne a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, layin da ke cikin rauta ma bai fita daga wannan doka ba. A yi rajistarsa da sunan wanda zai ɗauki alhakinsa. Kada a sayi layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani, hukuma ta hana wannan.

4. INDA ZA A AJIYE AKWATIN

Koke-koke da yawa daga nan suke tasowa. Gidan sarauta ba ɗaki ɗaya ba ne: ga zaure, ga shigifa, ga ofishin Malam, ga turaka, ga cikin gida, kowanne da bangonsa. Bangon ƙasa mai kauri, irin na soro, yana shanye waifai ƙwarai, haka ma bangon siminti mai rodi a ciki. Ƙarfe kuwa mayar da shi yake yi baya: rufin kwano, da ƙofar ƙarfe, da firiji, da kabad ɗin ƙarfe na ajiye takardu. Ruwa ma yana shanye shi, saboda haka kada a sa akwati bayan tanki ko kusa da randuna.

Ga abin da ya kamata a kiyaye:

(a) A sa shi a sama, bisa kanta ko a jikin bango, ya kai tsayin kan mutum. Kada a ajiye shi ƙasa, ko cikin akwatin tufafi, ko bayan talabijin.

(b) A sa shi kusa da tsakiyar wurin da ake bukatarsa. In an kafa shi a kusurwar gida, rabin ƙarfinsa titi zai tafi.

(c) In mai katin layi ne, a sa shi kusa da tagar da ke fuskantar ƙarfen sabis. A nan zanguna biyun nan sukan yi jayayya, gama wurin da ya fi jin kamfani wani lokaci ba shi ne tsakiyar gida ba. A fara gamsar da zango na fari, sa'an nan a nemi dabarar na biyu.

(d) In yana da eriya a waje, a miƙar da ita tsaye.

(e) A nisanta shi da rana da zafi. Yawancin akwatunan nan an ƙera su ne su yi aiki cikin zafin da bai wuce digiri 40 ba, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu ɗakin kwano yakan wuce haka. Kada a lulluɓe shi da kyalle don gudun ƙura. Da hunturu a riƙa share ƙofofin iskarsa da busasshen tsumma ko buroshi.

Akwatuna da yawa suna watsawa bisa zango iri biyu, ɗaya gigahaz 2.4, ɗaya gigahaz 5. Na 2.4 ya fi kai nesa, ya fi ratsa bango, amma ya fi cunkoso. Na 5 ya fi sauri, amma ba ya jure bango. Wanda ke ɗaki ɗaya da akwati ya kama na 5. Wanda ke cikin gida ya kama na 2.4. A lura kuma, in an ga an rubuta 5G a ƙarshen sunan waifai, sau da yawa gigahaz 5 ake nufi, ba 5G na kamfanin waya ba. Kada wani ya yi muku ciniki da wannan ruɗani.

In gida ya yi girma har akwati ɗaya ya kasa, dabarar da ta fi kyau ita ce a ja kebul na intanet daga akwati na fari zuwa akwati na biyu a ɗaya sashen. Kebul ɗin yana iya kai mita 100, bai kamata ya wuce haka ba. Akwai kuma ƙaramar na'ura mai maimaita waifai, wadda ake sa wa a soket. In za a yi amfani da ita, a kafa ta a tsakiyar hanya, inda har yanzu take jin akwati sosai. In aka kai ta ɗakin da ba ya kamawa, ba abin da za ta maimaita sai rauni.

5. YADDA AKE KAFAWA

Malam ya tanadi littafi da alkalami, ya bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya.

Na 1. Ya juya akwatin, ya dubi takardar da aka manna a ƙarƙashinsa. A nan aka rubuta sunan waifai, gaban haruffan SSID, da kalmar sirrinsa, da adireshin shiga ofishin akwatin, da sunan mai kula da kalmar sirrinsa. Ya kwafe su duka.

Na 2. Tun ba a sa wuta ba ya sa katin layi a raminsa, gefen zinariya yana duban inda hoton ya nuna. In na faiba ne ko na tauraro, ya sa kebul ɗin da ya fito daga na'urar kamfani a ramin da aka rubuta WAN. Ramukan da aka rubuta LAN na kwamfutocin gida ne. Musanya waɗannan biyu kuskure ne da ake yawan yi.

Na 3. Ya sa cajar da ta zo tare da akwatin, ba wata ba. Yawancinsu bolt 12 suke ci. Cajar da ta fi ƙarfinsa tana ƙona shi, wadda ta gaza kuma takan sa ya riƙa mutuwa yana tashi.

Na 4. Ya kunna, ya jira minti biyu ko uku sai fitilu sun daina ƙyaftawa.

Na 5. Ya buɗe waifai a wayarsa, ya zaɓi sunan da ya kwafa, ya rubuta kalmar sirri. Babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne a nan. Ya kula kuma da bambancin sifiri da harafin O, da na lamba 1 da ƙaramin harafin L.

Na 6. Ya buɗe manhajar da ake shiga shafukan intanet da ita, ya rubuta adireshin akwatin. Galibi yakan zama 192.168.0.1, ko 192.168.1.1, ko 192.168.8.1. Shafin da zai buɗe shi ne ofishin akwatin, daga cikinsa yake fitowa, ko ba data yana buɗewa.

Na 7. A cikin wannan ofishi ya sake abu uku: kalmar sirrin mai kula, da sunan waifai, da kalmar sirrin waifai. Da ya adana, wayarsa za ta yanke. Wannan ba ɓaci ba ne. Sai ya sake kamawa da sabon suna da sabuwar kalma.

6. TSARON GIDA

Wannan sashe ya fi shafar Hakimi da kansa. Takardun rikicin gona, da na gado, da sunayen talakawa da lambobinsu, amana ce a hannunsa, tun 2023 kuma akwai dokar ƙasa ta kare bayanan mutane. Har wa yau, in wani ya kama waifai na gidan daga bayan katanga ya yi zamba ko ya watsa ƙarya, sawun da masu bincike za su fara bi shi ne na layin da ke cikin akwatin, da sunan wanda aka yi rajistarsa. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 tana da hukunci mai tsanani, wanke kai kuma ya fi wuya bisa kulle ƙofa tun da fari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Makullan waifai iri iri ne. Na fari, mai suna WEP, masana sun nuna yadda ake fasa shi tun 2001, yau ba shi da amfani. WPA2 ya fito a 2004, WPA3 a 2018. A zaɓi WPA3 in akwati da wayoyin gida sun yarda da shi, in ba haka ba WPA2. Kada a bar waifai a buɗe ba makulli ko da na yini ɗaya ne.

Kalmar sirri ba ta kasa harafi 8, tana iya kai 63. Wadda ta kai 12 ko fiye ta fi kyau. Kada a sa sunan Hakimi, ko sarautarsa, ko sunan gari, ko lambar waya, ko shekarar naɗi, gama su ne ɓarawo zai fara gwadawa. A haɗa kalmomi huɗu da ba su da dangantaka da juna, a tsarma lambobi a tsakani. Sunan waifai ma kada ya nuna na gidan wane ne. Akwai kuma wata hanyar haɗawa ta gaggawa mai suna WPS, wadda aka gano rauninta a 2011; a kashe ta daga ofishin akwatin.

Gidan sarauta ba ya rabuwa da baƙi, hana su kuma ba kyau. Akwatuna da yawa suna da waifai na biyu domin baƙi, mai nasa suna da tasa kalma, wanda ke ba mutum intanet amma ba ya barinsa ya kai ga kwamfutar ofis. A buɗe wannan domin fadawa da masu zuwa gaisuwa, a riƙa sake kalmarsa kowane wata. Na ofis kuwa ya tsaya tsakanin Hakimi da Malaminsa. A sani kuma wayoyin yanzu suna iya nuna kalmar sirri ko su miƙa ta ga wata waya ta hanyar hoto, saboda haka kalmar da aka ba mutum ɗaya a zaure, a ɗauka unguwa ta samu.

Sau ɗaya a wata Malam ya shiga ofishin akwatin ya ƙidaya wayoyin da ke haɗe. In ya ga wadda bai sani ba ya sake kalma. In kuma akwatin ya nuna akwai sabuwar manhajarsa daga maƙera, ya bari ta sauka, kada a ɗauke wuta sai ta gama.

7. IN YA ƘI AIKI

Kada a fara da kwance akwati, kada kuma a fara da kiran mai gyara. A yi waɗannan tambayoyi bi da bi.

Tambaya ta 1: Akwai wuta? In ba fitilar da ke ci, a gwada soket da wani abu, a duba caja. Caja ta fi akwati saurin mutuwa, ta kuma fi shi araha.

Tambaya ta 2: Waya ɗaya ce ta ƙi, ko duka? In ɗaya ce, laifin nata ne. A duba ko an kashe waifai, ko an taɓa alamar jirgin sama. A kashe wayar a kunna. In ta ƙi, a goge sunan waifai daga cikinta, a sake kamawa kamar sabuwa. Wannan shi ne maganin wayar da ta riƙe tsohuwar kalma bayan an sake ta.

Tambaya ta 3: In duka ne, suna ganin sunan waifai? In ba su gani, zango na biyu ne ya ɓaci. A duba fitilar waifai bisa akwatin, gama wasu suna da maɓallin kashe shi, yaro yana iya dannawa. Tsohuwar waya kuma wani lokaci ba ta ganin na gigahaz 5 sam, sai na 2.4.

Tambaya ta 4: Suna kamawa amma shafi ba ya buɗewa? To, zango na fari ne, watau gidan ruwa bai turo ba. A duba fitilar sabis. A yawancin akwatuna ja alamar yankewa ce. A duba ko data ta ƙare: a ofishin akwatin, ko a cire layin a sa a waya a buga *323#, lambar da kamfanoni duka suke amfani da ita tun 2023. In layin a cikin waya ma bai kawo intanet ba, akwati ba shi da laifi. Ko dai ƙarfen sabis ya tsaya, ko an rufe layin saboda rajista. In na faiba ne aka ga jar fitila inda aka rubuta LOS, haske ba ya isowa, watau zaren ya katse ko ya lanƙwashe. Wannan aikin kamfani ne. Kada a leƙa bakin zaren da ido.

Tambaya ta 5: An kashe an kunna? A cire caja daga wuta, a ƙirga talatin, a mayar, a jira minti uku. Akwatin ƙaramar kwamfuta ce, takan rikice in ta daɗe tana aiki, wannan kuwa yakan warware matsaloli da yawa.

Tambaya ta 6: Yana aiki amma da nawa? A tsaya kusa da akwati a gwada. In ya yi sauri a nan, nisa ne ko bango, a koma ga sashe na 4. In a nan ma da nawa, a ƙidaya masu amfani, gama mutum biyu masu kallon bidiyo sun isa su hana takardar Malam fita. In da dare kaɗai yake yi, cunkoson ƙarfen sabis ne. A cikin birni, inda maƙwabta duka suke da nasu, akwatuna sukan yi karo bisa tasha ɗaya. A zangon 2.4 tashoshi uku ne ba sa shiga juna, watau 1, da 6, da 11. A gwada su ɗaya ɗaya daga ofishin akwatin.

Tambaya ta 7: Yana yankewa yana dawowa? A taɓa shi. In ya yi zafi ƙwarai a sake masa wuri. In fitilunsa duka suna mutuwa suna tashi, wuta ce ba ta tsaya ba, ko caja ta gaji. Akwai ƙaramin batir na ajiyar wuta da ake sayarwa domin rauta, wanda ke riƙe shi sa'o'i bayan an ɗauke wuta. Kuɗinsa ba asara ba ne. Sa'ad da za a tayar da janareta a cire akwatin tukuna, haka kuma in hadari ya taso da tsawa, musamman in akwai eriya bisa rufi ko kebul da ya ratsa tsakar gida.

Abu na ƙarshe: a bayan akwatin akwai ɗan rami da aka rubuta RESET. In an danna shi da tsinke aka riƙe kamar sakan 10, akwatin yana mance duk abin da aka sa masa, ya koma yadda ya fito daga kwali, da suna da kalmar da ke ƙarƙashinsa. Ba a yin wannan sai an mance kalmar mai kula, ko duk dabara ta ƙare. In na faiba ne kada a taɓa shi sai da izinin kamfani, domin yana iya share shaidar da suka sa a ciki. In kuwa an yi, lalle ne a sake bin sashe na 5 da na 6 daga farko.

8. INA DATA TAKE TAFIYA?

Gigabait ɗaya megabait 1,000 ne. Takardar rubutu zalla ba ta kai megabait ɗaya ba. Hoto ɗaya na waya yakan ci megabait 2 zuwa 5. Amma sa'a guda ta kallon bidiyo mai kyawun hoto tana iya cin gigabait 1 har zuwa 3. Aikin ofis na wata guda, in rubutu ne, bai kai kallon dare ɗaya ba.

Akwai kuma ɓarnar da ba a gani. Wayoyi da kwamfutoci an shirya su ne su ɗauka waifai ba shi da iyaka, saboda haka da sun kama shi sai su shiga sabunta manhajojinsu, suna kuma aika hotunansu ma'ajiya, ba tare da sun tambayi kowa ba. A cikin saitin kowace waya akwai wurin da ake gaya mata cewa wannan waifai a kan awo yake. A kunna shi. A karanta sharaɗin data kafin a saya, gama wadda ake cewa ba ta da iyaka sau da yawa tana da ma'aunin da in an kai shi ake rage sauri. Saurin da kamfani ke faɗa kuma da megabit yake, girman takarda da megabait, megabit 8 ne ke yin megabait ɗaya. Wanda bai san wannan ba yakan zaci an cuce shi.

9. KAI ƘARA

In an bi duk waɗannan aka tabbata laifin daga kamfani yake, a kira ofishin koke na kamfanin ta lamba 300, a faɗi abin da aka gwada, a karɓi lambar ƙarar a rubuta tare da kwanan wata. In ba a sami biyan bukata ba, Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, wadda aka kafa a 1992, tana da lamba 622 ta kyauta domin masu ƙara, za ta kuwa nemi lambar ƙarar farko. In gari duka ne sabis ya ɗauke, takardar Hakimi ta fi ta mutum ɗaya nauyi. Ya dace ya rubuta a madadin jama'arsa.

10. LITTAFIN MALAM

Kowane Malamin Hakimi ya ware shafi cikin littafin ofis domin wannan akwati. Ya rubuta ranar da aka saye shi, da lambar layin da ke ciki, da sunan wanda aka yi rajista da shi, da ranar da ake sayen data da adadinta, da kowace matsala da abin da ya warware ta. Kalmomin sirri kuwa a rubuta su a takarda dabam, a rufe cikin ambulan, a ajiye wurin Hakimi. Ran da aka sake wa Malam wurin aiki, ko wani bara ya bar gidan, a sake kalmomin duka a wannan rana.

Ana roƙon Hakimai su sa a karanta wa Dagatai da Masu Unguwa sashe na 6 a taron wata, domin da yawa cikinsu suna da irin wannan akwati a gidajensu, talakawa kuma da su suke koyi. Malamin da wani abu ya shige masa duhu ya tambayi ɗan'uwansa na gunduma ta kusa kafin a kashe kuɗin gyara, gama matambayi ba ya ɓata.